Tsakanin « damuwa » da « hauka »: kalmomin ciwon rai da ƙofofin neman taimako ga ɗaliban jami'a a Nijar

Taƙaitawa

Wannan takarda tana duba hanyoyin da ɗalibin jami'a ke bi in hankalinsa ya tashi ko ransa ya ƙuntata har abin ya hana shi karatu. Muna so mu nuna cewa sunan da ɗalibi ya ba ciwonsa shi ne ke zaɓa masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tsakanin kalmar « damuwa », wadda ta yi sauƙi, da kalmar « hauka », wadda ta yi nauyi, akwai babban fili da Hausa ke da maganganu masu yawa a kansa, amma ba a riga an shigar da su cikin aikin likita da na masu shawara ba.

0. Gabatarwa

Wata shekara, saura kwana kaɗan a shiga jarrabawa, wani ɗalibinmu na shekara ta biyu ya tsaida mu bayan darasi. Yaro ne mai ƙoƙari, wanda ba ya fashin aji. Bayan gaisuwa sai ya ce: « Malam, karatu ne ba ya zama. In na buɗe kaye sai kaina ya ɗauki zafi, ina ganin baƙaƙe amma ban san abin da suke cewa ba. » Muka ce masa gajiya ce, ya rage shan shayi da dare, ya yi haƙuri. Ya yi godiya ya tafi. Bai zauna jarrabawar ba. Daga baya abokansa suka gaya mana cewa ya yi kusan wata biyu barci na gagarar shi, har iyayensa suka zo suka tafi da shi gida, shekarar ta lalace masa. Da muka sake tuna maganarsa, sai muka ga ya faɗa mana ciwonsa ƙarara da Hausa, mu ne ba mu ji ba, alhali nazarin harshe ne sana'armu.

Mu ba likitoci ba ne, kuma wannan rubutu ba ya maye gurbin ganin likita. Abin da za mu yi shi ne: mu faɗi girman al'amarin (sashe na 1), mu duba yadda Hausa ke faɗin ciwon rai (sashe na 2), mu jera ƙofofin da ke buɗe ga ɗalibi da abin da kowace ke iyawa (sashe na 3), sa'an nan mu tsaya kan kalmar « shawara » (sashe na 4).

1. Girman al'amarin

Cikin rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta ce mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata lalura da ta shafi tunani ko hali, watau kusan mutum miliyon 970 a ƙidayar 2019. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa rabin waɗannan lalurori suna somawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin shekara 25. Ke nan shekarun lise da na lisansi su ne shekarun da abin ya fi bayyana. A 2018 an wallafa wani binciken da OMS ta jagoranta kan ɗalibai ƴan shekarar farko kusan 14.000, a jami'o'i 19 na ƙasashe 8, har da Afirka ta Kudu: kashi 35 cikin ɗari sun taɓa fama da ɗaya daga cikin lalurorin da aka tambaya, kashi 31 kuma cikin watanni 12 da suka gabaci tambayar.

A nan Nijar, jami'ar Yamai ta samo asali a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Yawan ɗalibai ya ƙaru, tare da nauyin da ke kansu. Wanda ya ci bak a wani gari mai nisa yakan zo babban birni bai san kowa ba. Ɗaki ya yi kaɗan, burs takan makara, yajin aiki yakan sa shekarar karatu ta hau kan wata. Ga shi kuma sau da yawa shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan matsayi, idon dangi duka yana kansa. Duk wannan yana ɗauke da shi cikin Faransanci, harshen da ba shi ya tsotsa ba.

Abin da ɗalibinmu ya kwatanta ba sabo ba ne. A 1960 likita Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya bayyana wani ciwo da ɗaliban kudancin Najeriya ke kawo masa: zafi ko nauyi a kai, jin kamar wani abu na tafiya cikin kai, dishi-dishin ido, da kasa gane abin da ake karantawa. Ɗaliban da kansu suna kiran shi gajiyar ƙwaƙwalwa. Masana da yawa a yau suna ganin cewa wannan wata hanya ce da fargaba da baƙin ciki mai tsanani ke fitowa ta jiki.

2. Yadda Hausa ke faɗin ciwon rai

2.1. Wane ne aikau?

Mai karatu ya dubi waɗannan jimloli, waɗanda kowa ke ji a bakin ɗalibai:

(1) a. Gabana yana faɗuwa. « mon devant tombe »
b. Hankalina ya tashi. « mon esprit s'est levé »
c. Raina ya ɓaci. « ma vie s'est gâtée »
d. Jikina ya mutu. « mon corps est mort »
e. Kaina ya ɗauki zafi. « ma tête a pris chaud »
f. Tunani ya yi mini yawa. « la pensée m'est devenue trop »
g. Barci ya ƙaurace mini. « le sommeil m'a fui »

Mun ba da fassarar kalma da kalma ne da gangan. A Faransanci mai magana shi ne aikau, ya kuma ɗora wa kansa sifa: « je suis angoissé », « je suis déprimé ». A jimlolin (1) kuwa, aikau wani sashen mutum ne (gaba, hankali, rai, jiki, kai) ko wani abu da ya zo masa (tunani, barci). Mai ciwon yana fitowa ne a matsayin mamallaki (-na) ko wanda aka yi wa (mini). Watau Bahaushe yana ba da labarin abin da ya faru da shi. Ba ya cewa shi ne abin.

Wannan gini yana da amfani, domin yana rage kunya: faɗin « gabana yana faɗuwa » ba ya zubar da mutuncin kowa. Amma yana da haɗari a gaban ma'aikacin likita da aka horar cikin Faransanci. In ya ji (1e) sai ya nemi zazzaɓin cizon sauro, in ya ji (1d) sai ya rubuta maganin ƙarin ƙarfi, in ya ji (1a) sai ya auna bugun zuciya. Yin haka daidai ne a matakin farko, tun da zazzaɓi da ƙarancin jini da ciwon ido suna kawo irin waɗannan alamomi. Kuskuren shi ne a tsaya nan in awo bai nuna kome ba.

2.2. Gaisuwa ba tambaya ba ce

(2) a. Ina kwana? Lafiya lau.
b. Ina gajiya? Babu gajiya.
c. Yaya jiki? Da sauƙi.

Amsoshin da ke (2) an riga an yanke su. Majinyacin da ke kwance ma « da sauƙi » yake cewa. Saboda haka malami ko ma'aikaci da ya tambayi ɗalibi « kana lafiya? » bai tambaye shi kome ba tukuna. Maganar gaskiya tana zuwa ne bayan an ƙare gaisuwa, an ɗan yi shiru, ɗalibi ya ce « dama... » ko « wata ƴar magana ce ». Wanda ya miƙe tsaye kafin wannan lokaci ya rufe ƙofa. Haka nan « sai haƙuri ». Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu musu. Amma a tsarin zance, wannan magana alamar rufewa ce, mai nuna an ji, an jajanta, zance ya ƙare. Ita muka yi wa ɗalibinmu.

2.3. Kalmomi biyu da ke gefe

« Damuwa » ta kowa ce: wanda mashin ɗinsa ya lalace yana cikin damuwa, wanda aka yi wa rasuwa ma haka. Ba a zuwa likita don damuwa. « Hauka » kuwa, tare da « taɓin hankali », « zautuwa » da « ya zare », suna kawo hoton mutum mai tsumma a bakin kasuwa. Kalma ce mai bin mutum har wurin neman aure da neman aiki, ta kuma shafi ƙannensa. A Yamai sunan « Pavillon E », watau sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, ya shiga bakin mutane har ya zama abin tsokana.

Mafi yawan ɗaliban da ke wahala ba sa ɗaya daga cikin gefen nan biyu. Suna tsakiya, inda Hausa ke da ƙunci, zullumi, fargaba, firgita, waswasi, takaici, kewa, kaɗaici da kasala. Gidajen rediyo sun yaɗa « ciwon damuwa » a madadin « dépression », kuma a ganinmu ƙirƙira ce mai kyau, domin ƙara « ciwo » yana ɗauke abin daga halin mutum ya maida shi abin da ake nema wa magani. « Lafiyar ƙwaƙwalwa » a madadin « santé mentale » ba ta kai ta dacewa ba, don kunnen Bahaushe yana jin hauka a bayanta. « Kwanciyar hankali » ta fi kusa da abin da ɗalibi ke nema.

3. Ƙofofin da ke buɗe

3.1. Dangi, abokai da fada

Nan ne ƙofar farko, kuma ita ce mafi sauƙi. Abokin ɗaki, ƙungiyar ƴan gari ɗaya da fadar shan shayi su ne ke fara lura cewa wane ya daina cin abinci ko ya daina fitowa. Suna ba da rance, suna ɗebe kewa. Iyakarsu biyu ce. Ta farko, sirri ba ya daɗewa a fada, shi ya sa ake cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta biyu, a nan ne wani lokaci ake miƙa wa mai wahala ƙwayar tramol don ya iya karatun dare, ko ƙwayar barci irin diyazefam ba da takardar likita ba; dukansu biyu suna kama jiki, su ƙara ciwo a kan ciwo. Ɗalibai mata kuma ba su da fada irin ta maza. Ƙawa ɗaya ko waya zuwa ga uwa ita ce madogararsu.

3.2. Malami da mai maganin gargajiya

In aka kira abin « iska », « sammu » ko « kambun baka », to ƙofar da za a nufa ita ce ta malamin addini, don addu'a, rubutu ko ruƙiya, ko kuma ta boka da ƴan bori, waɗanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsu a ƙasar Maraɗi cikin littafinta na 1972. Wannan ƙofa tana da abin da likita ba ta cika samu ba: ana magana da harshen gida, ana ba ciwo ma'ana, ana kuma ɗauke laifi daga kan mai shi. Ɗalibin Kirista yana samun irin wannan wurin fasto ko fada na coci. Ba mu ga dalilin da zai sa a ce wa ɗalibi ya zaɓi addu'a ko likita ba. Ana haɗa su. Abin gudu shi ne jinkiri na watanni, da duka ko ɗauri, da hana mutum shan maganin da likita ya rubuta. Likitocin Afirka sun daɗe da gane haka: Thomas Adeoye Lambo ya soma kwantar da majinyata cikin gidajen ƙauyen Aro tare da danginsu a 1954, Henri Collomb kuma, daga 1959 a asibitin Fann na Dakar, ya shigar da taron majinyata da dangi da ma'aikata, wanda ake kira « pénc » da Wolof, cikin aikin jiyya.

3.3. Likitar jami'a

Cibiyoyin kula da rayuwar ɗalibai (CROU) su ne ke riƙe da masauki, abinci, sufuri da kiwon lafiya. Ma'aikacin jiyya na nan shi ya kamata ɗalibi ya fara gani in alamomin (1) sun daɗe. Zai duba ko akwai ciwon jiki, ya kuma tura shi gaba in da bukata. Tun 2008 OMS ta ƙaddamar da shirin mhGAP, ta fitar da littafin jagora a 2010, don ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya gane ciwon damuwa, farfaɗiya, rikicewar hankali da shaye-shaye, su kuma fara jiyya. Ma'aunin ciwon damuwa a nan a bayyane yake: baƙin ciki ko rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, kusan kullum, har sati biyu ko fiye, tare da gaza yin ayyukan yau da kullum. Shawararmu ga ɗalibi ita ce kada ya tsaya kan « kaina yana ciwo ». Ya ƙara da yaushe abin ya soma, yaya barcinsa, da abin da ya hana shi yi.

3.4. Ƙwararru

Ɗalibai sukan rikita ma'aikata uku. « Psychiatre » likita ne da ya ƙware kan ciwon ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta magani. « Psychologue » masanin halayyar ɗan Adam ne, aikinsa sauraro da magana, ba ya rubuta magani. « Assistant social » kuwa yana taimakawa kan matsalolin zama: kuɗi, masauki, iyali, takardu. Ana samun sashen ciwon ƙwaƙwalwa a manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram, kuma a wurare da yawa ma'aikatan jiyya masu horo na musamman ne ke riƙe da aikin, domin ƙwararrun likitoci kaɗan ne. Zuwa wannan sashe ba ya nufin kwanciya. Mafi yawan masu zuwa ana ganin su ne su koma gida. Magungunan ciwon damuwa, irin amitriptyline da fluoxetine, suna ɗaukar sati biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ji amfaninsu, kuma ba a barin su kwatsam ba tare da likita ba.

3.5. Lokacin da ba a jira

Akwai alamomin da ba a kai wa fada, ba a kuma jira ƙarshen jarrabawa: in ɗalibi yana maganar kashe kansa ko yana cewa mutuwa ta fi masa, in yana jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani, in ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu, in ya daina ci da sha. A nan sai a tafi likita a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kau da magunguna da abin da zai iya cutar da kansa da shi. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin. Sau da yawa sauƙi take kawo masa.

4. « Ba da shawara » da « yin shawara da »

Aikin da ake kira « écoute » ko « accompagnement psychologique » ba shi da tsayayyen suna a Hausa. Kalmomi biyu na aro daga Larabci suna kusa da shi:

(3) a. Malam ya yi wa Ali nasiha.
b. Malam ya ba Ali shawara.
c. Ali ya yi shawara da malam.

A (3a) da (3b) magana tana gangarowa daga babba zuwa ƙarami, Ali karɓa kawai yake yi. A (3c) Ali ne aikau, kuma « da » ta sa su biyu cikin aiki ɗaya. Nasiha ba ta karɓar wannan gini da wannan ma'ana. To, aikin masanin halayya (3c) ne. Ana zama a keɓe na kusan awa ɗaya, ɗalibi ne ke yawan magana, a jera matsalolin da suka taru masa, ya zaɓi ɗaya da za a iya taɓawa, a nemi hanyoyi tare, ya tafi ya gwada, ya dawo sati mai zuwa a duba. Abin da aka faɗa amana ne: ba ya zuwa kunnen malamai ko iyaye, sai fa in rai na cikin haɗari. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka.

Ba dole sai mai babban digiri ke iya wannan ba. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya soma a 2006 horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa, suna zama da mutane kan benci a harabar likita. Ba su yi amfani da kalmar Turai ba. Sun ɗauki kalmar Shona « kufungisisa », wadda ke nufin yawan tunani, daidai da jimlarmu (1f). A gwajin da aka wallafa a 2016, kan mutum 573 a gidajen likita 24, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka yi zama shida a benci ne ke da sauran alamomin ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan kashi 50 ne. A wannan shekara ta 2016 OMS ta fitar da wani tsari mai kama da shi, na zama biyar, mai suna PM+. Darasin da ya shafe mu shi ne cewa an fara da kalmar da mutane ke faɗa da bakinsu.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna kawo shawarwari huɗu. Na ɗaya, sassan nazarin harsuna, na halayyar ɗan Adam da na likitanci su haɗu su tattara maganganun ciwon rai na Hausa, da bambancin Katsinanci, Damagaranci, Adaranci da Arauci, sa'an nan a yi haka ga Zabarmanci, Fulatanci, Tamajaƙ da Barbarci. Na biyu, takardun tambayoyi irin SRQ-20 mai tambaya 20 da PHQ-9 mai tambaya 9 kada a fassara su kalma da kalma. A gina su kan irin jimlolin (1), a gwada su da ɗalibai. Na uku, kowace jami'a ta keɓe wuri mai rufin asiri, a rubuta masa « ɗakin shawara », ba tare da kalmar ƙwaƙwalwa ba, a horar da wasu ɗalibai maza da mata su zama masu sauraro ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Na huɗu ya shafe mu malamai: in ɗalibi ya ce karatu ba ya zama, mu zauna, mu tambaye shi tun yaushe, mu tambayi barcinsa, mu kuma san ƙofar da za mu nuna masa.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ana ta maganar ƙirƙiro kalmomin mulki da na kimiyya. Muna roƙon a sa kalmomin ciwon rai cikin na farko da za a yi wa aiki. Yawancinsu ma ba sa bukatar ƙirƙira: suna bakin ɗalibanmu, saura a rubuta su a koya wa masu jiyya.